Bin Sawun Haske: Yadda Masana Ke Gano Gungun Taurarin Da Ya Tare Hanya

Tun watan Yulin 2022 da aka fara sakin hotunan madubin hangen nesan nan mai suna James Webb, hotunan sararin samaniya suka cika mana waya. Duk majalisar da aka nuna su, ko a Agege ne ko a Sabon Ibadan ko a Fatakwal, sai an samu wanda zai ce ai haɗin kwamfuta ne, wani kuma ya ce to ko da gaskiya ne, wa ya je can ya gano? Wannan tambaya ce mai kyau, bai kamata a yi wa mai ita dariya ba. Wurin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba, ta yaya aka san nisansa, har aka san abin da ke cikinsa?

Maimakon in yi ta jero abubuwan mamaki, zan ɗauki aiki guda daga cikin ayyukan masana falaki in warware shi tun daga tushe. Aikin shi ne: haske ya taso daga wuri mai nisan gaske, ya iso duniya da alamar cewa wani abu ya tare shi a hanya ya rage masa wani kaso. Abin da ya tare shin kuma ba a ganinsa. Sai masana su tashi neman mai alhaki, kuma akwai ƙa'idar da suke bi kafin su nuna wani su ce shi ne. Da yake a gidan fataucin shanu na tashi a Nguru, ku yi haƙuri, misalan nawa na kara ne da na hanya. Tun yanzu kuma in faɗa, wannan ba duban taurari irin na bokaye ba ne. Awo ne da lissafi, fannin da malaman Musulunci na da suka yi suna a kansa.

Gungun taurari da fitilar da ke bayansa

Wanda ya taɓa kwana a waje a ƙauyukan Machina ko Yusufari a daren da babu wata, ya san farin layin nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama daga gefe zuwa gefe. Taurari ne jingim, sun yi yawa sun yi nisa har ido ya kasa rarrabe su. Gungun taurarinmu kenan, muna kallonsa daga ciki. Ranarmu ɗaya ce daga cikin taurarinsa, waɗanda yawansu ya haura biliyan 100. Irin wannan gungu shi ake kira galaksi, kuma akwai biliyoyinsu, kowanne kamar gari guda, tsakaninsa da maƙwabcinsa jeji ne mai faɗi.

Nisan ya fi ƙarfin kilomita, don haka da gudun haske ake auna shi. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi yake yi. Tafiyar da yake yi a shekara guda ita ake kira shekarar haske, kusan kilomita tiriliyan 9.5 kenan. Faɗin gungunmu ya kai wajen shekarun haske 100,000. Babban gungun da ya fi kusa da mu, Andiromeda, yana nisan shekarun haske miliyan 2.5. Wani malamin falaki mutumin Farisa, Abdurrahman al-Sufi, ya ambace shi a littafinsa na taurari a shekarar 964, ya siffanta shi da ɗan ƙaramin gajimare, sama da shekara 600 kafin a ƙera madubin hangen nesa.

Sai kuma kweza. A 1963 wani masani ɗan asalin Holand, Maarten Schmidt, yana aiki da babban madubin da ke dutsen Palomar a Kalifoniya, ya binciki wani ɗigon haske mai lamba 3C 273. A hoto kamar sauran taurarin gida yake. Da ya auna sai ya tarar nisansa ya haura shekarun haske biliyan 2. Ashe haskensa shi kaɗai ya ninka na gungunmu gaba ɗaya fiye da sau 100. Daga baya aka gane cewa a tsakiyar wasu gungu-gungun akwai abin da ake kira baƙin rami, wuri mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi, mai jan duk abin da ya matso kusa. Iskar gas da ke kewaya shi kafin ta faɗa ciki tana yin zafi har ta ba da wannan haske. Shi ne kweza. Ka ɗauke shi kamar fitilar mota da ke can ƙarshen titi da tsakar dare. Duk abin da ya gitta tsakaninka da ita, ko ba ka gan shi ba, sai ya taɓa hasken.

Haske da rasit yake zuwa

Duk wanda ya taɓa rako shanu daga arewa zuwa kudu ya san yadda hanyar take. An yi lodi a Nguru ko Gashuwa, an bi ta Kano da Zariya da Mokwa, an haye gadar Jebba, sai Ilori, sai Ibadan, har Oko-Oba a Agege. Kowane shinge sai an ajiye wani abu, a wani wurin a ba ka rasit. In mota ta iso, maigidan da ko ƙofar kara bai fita ba zai karɓi takardun nan ya duba, ya faɗa maka inda aka bi da abin da aka karɓa a kowane wuri. Haske ma haka yake. Duk gajimaren gas ɗin da ya ratsa sai ya karɓi rabonsa, kuma sai ya bar shaida.

Ga yadda ake karanta shaidar. Farin haske haɗin launuka ne, bakan gizo ma ya ishe mu hujja. In aka bi da hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ko na'urar da ke irin aikinsa, zai baje daga shuɗi zuwa ja kamar an shimfiɗa tabarma mai launi-launi. A 1814 wani Bajamushe mai ƙera gilashi, Joseph Fraunhofer, ya baje hasken rana haka, ya ga ɗaruruwan siraran baƙaƙen layuka a ciki, wuraren da launi ya ɓace. A 1859 wasu Jamusawa biyu, Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen, suka gano dalili. Kowane sinadari yana da launukan da yake fitarwa in ya yi zafi, kuma su dai waɗannan launukan yake shanyewa in haske ya ratsa shi. Kai ma za ka iya gwadawa. Ka barbaɗa gishiri ko garin kanwa a harshen wutar gas, za ka ga ya koma ruwan ɗorawa. Sinadarin sodiyam ne ke nuna kansa, kuma ko a Nguru ka gwada ko a Landan launin bai canzawa.

To ka ga kowane sinadari da tasa shaidar, kamar yadda kowane mai garke yake da nasa yankan kunne ko tambarin cinya. Ana auna launi da wani ɗan mitsitsin ma'auni mai suna nanomita, kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Haidurojin yana da babban layinsa a 121.6. Magniziyam ɗin da ke yawo a sararin sama kuwa layuka biyu gare shi manne da juna kamar tagwaye, ɗaya a 279.6, ɗaya a 280.3. Tagwayen nan suna da daɗin aiki, don da wuya wani abu ya kwaikwaye su.

Rasit ɗin har da adireshi

Saura a san inda aka karɓa. Tun ƙarshen shekarun 1920 aikin Georges Lemaître da Edwin Hubble ya nuna cewa sararin samaniya buɗewa yake yi, gungu-gungu suna ƙara nisa da juna. Hasken da ke kan hanya shi ma miƙewa yake yi tare da sararin. Ka ɗiga alama biyu a jikin roba ka ja ta, za ka ga alamun sun goce daga inda suke, tazararsu kuma ta ƙaru. Haka layukan nan suke gocewa zuwa ɓangaren ja, kuma gwargwadon daɗewar hasken a hanya gwargwadon gocewarsu.

Bari mu yi lissafi. In ka ga tagwayen magniziyam a 400 da 401 maimakon wajen 280, ka raba, za ka ga sun miƙe da kashi 43 cikin 100. Masana sai su rubuta 0.43. Wannan lamba ita ce adireshin shingen. Ma'anarta, bayan hasken ya bar wurin ya yi sama da shekara biliyan 4 yana tafiya kafin ya iso mu. Shi kweza ɗin yana da tasa lambar, wadda ta fi wannan girma tunda shi ne a baya. Hasken kweza guda yana iya zuwa da irin waɗannan shaidu barkatai. A 1971 Roger Lynds ya ga layukan haidurojin sun yi cincirindo a hasken wani kweza mai nisa, har daga baya aka raɗa wa abin suna daji, don sun yi kama da itatuwa a jere.

A wancan lokacin an yi musu sosai. Wasu masana suka ce gas ɗin na kweza ne, shi ya feso shi da gudu, wato tun daga gida aka yi ragin. Wasu suka ce a'a, a hanya ne. A 1969 John Bahcall da Lyman Spitzer suka kawo shawarar cewa kowane gungun taurari yana da wani makeken lulluɓi na gas wanda ya zarce inda taurarinsa suka tsaya nesa ba kusa ba, kuma shi ne haske yake ratsawa. Magana ce mai shiga hankali, amma hasashe ce. Kafin a karɓe ta sai an nuna gungun a hoto, a daidai adireshin.

Bin sawu

Mu ɗan leƙa gida. Manomi ya wayi gari ya tarar shanu sun ci masa gero. Ga sawu, ga kashi, ɓarna ta tabbata. Amma in aka je gaban bulama mai adalci, ba zai ce a kamo garken da aka fara gani ba. Zai tambaya: garke nawa ne suka kwana a yankin? Ina sawun ya nufa? Wa ya gani? Ardo ma sai an kira shi ya faɗi nasa. Ganin ɓarna daban, sanin mai ɓarna daban.

Masana ma mataki uku suke bi. Na farko, su baje hasken kweza su karanta lambar shingen. Na biyu, su ɗauki hoton kewayen kweza ɗin, su bar kamara a buɗe na dogon lokaci, wani zubin sa'o'i, har gungu-gungu marasa haske su bayyana. Waɗannan su ne ake zargi. Na uku, wanda ya fi cin lokaci, su bi su ɗaya bayan ɗaya, su baje hasken kowanne su karanta tasa lambar. Wanda lambarsa ta zo daidai da ta shingen, shi ake iya ɗora wa alhaki. Wanda tasa ta saɓa, komai kusancinsa a hoto, a sallame shi.

Dalilin mataki na uku shi ne hoto ba ya nuna zurfi. Wanda ya bi titin Nguru zuwa Gashuwa da dare ya san haka. Wajen Jajimaji za ka hango fitilu biyu kafaɗa da kafaɗa ka ɗauka tare suke, ashe ɗaya ta mai babur ce da ke gabanka, ɗaya kuma ta wani gari ce can nesa. A sama abin ya fi haka. Gungu biyu da suka jeru a hoto ana iya samun shekarun haske biliyoyi tsakaninsu. Kama da wane ai ba ta wane.

Wadda ta fara cika matakan nan uku a kan gungu mai nisa da ya bar shaidar magniziyam wata masaniya ce 'yar Faransa, Jacqueline Bergeron, a 1986. Kweza ɗin da ta bi lambarsa PKS 2128-12, kuma lissafin 0.43 da na kawo ɗazu na shingen da ke kan hanyarsa ne. Ta ga wani gungu a gefensa, tazararsu a sama ba ta ma kai kashi ɗaya cikin 200 na faɗin wata ba. Ta auna shi, lambarsa ta fito 0.43. Abin mamakin shi ne, a can inda gungun yake, wannan 'yar tazara ta haura shekarun haske 150,000. Wato hasken bai bi ta cikin taurarin gungun ba sam, ta can bayan gari ya wuce, amma duk da haka an karɓi rabo. A 1991 ita da Patrick Boissé suka maimaita aikin a kan wasu kweza da dama, yawanci suka samu gungu a daidai lambar. Charles Steidel da abokan aikinsa a Amurka suka ɗora, zuwa 1994 adadin nasu ya haura 50.

Inda gizo ke saƙa

Kada a ɗauka aikin ya zama ruwan sha daga nan. Matsala ta farko ƙyalli ne. In tirela ta dalle ka da babbar fitila, ko da mai keke a gefenta ba za ka gan shi ba. Haka kweza yake rufe duk ƙaramin gungun da ya matso jikinsa. Iskar duniya tana ƙara dagula abin, don tana kaɗa haske ta baje shi, ita ce ma ke sa taurari ƙyafta ido. Shi ya sa ake kai manyan madubai kan duwatsu masu busasshiyar iska, irin su Keck mai faɗin mita 10 a tsibirin Hawayi, da VLT a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, madubai huɗu kowanne mita 8.2. Shi ya sa kuma aka harba Hubble a watan Afrilun 1990, yana zagaya duniya wajen kilomita 500 daga ƙasa, inda babu ƙura babu hazo. Madubinsa mita 2.4 ne kawai, amma hotonsa tas yake fita.

Dabarar da ake yi wa ƙyalli ita ce a duba yadda hasken wani tauraro na daban ya baje a hoto, a yi amfani da wannan siffar a cire hasken kweza da kwamfuta, a ga abin da ya rage a ƙarƙashi. To in ka ji an ce an yi wa hoto aiki da kwamfuta, irin wannan yana daga ciki. Ana kuma ajiye hoton asali a rumbu, don wani masanin da bai gamsu ba ya ɗauko ya sake gwadawa da kansa.

Matsala ta biyu, mai alhakin yana iya zama ƙarami. Akwai shingayen da haidurojin ɗinsu ya yi kauri ƙwarai, waɗanda Arthur Wolfe da abokansa suka fitar da jerinsu a 1986. An zaci manyan gungu ne irin namu tun suna kan tasowa. Da aka ɗauko hotunan wasu daga cikinsu da Hubble a shekarun 1990, sai aka ga gauraye ne. Wasu manya masu siffar faifai, wasu ƙanana, wasu dishi-dishi da kyar ake ganinsu, wasu kuma an nema an rasa. Haɗarin a fili yake. Babban gungu mai haske yana tsaye a gefe, idon kowa a kansa, alhali wataƙila wani ɗan ƙarami ne da ya laɓe cikin ƙyalli ya yi aikin.

Matsala ta uku sabuwar na'ura ce ta tono ta. Tun 2014 aka ɗora wa VLT wata na'ura mai suna MUSE, wadda ke haɗa mataki na biyu da na uku a lokaci guda. Kowane ɗigo na hotonta yana zuwa da nasa bajajjen haske, kusan 90,000 a ɗauka ɗaya. Ba sai an zaɓi wanda za a bincika ba, kowa sai an auna shi. Da aka yi haka sai aka ga sau da yawa ba gungu ɗaya ne ke da lambar shingen ba, biyu ne ko uku ko fiye, zaune a unguwa ɗaya. Garke uku kenan suka kwana a bakin gona, sawu ya cakuɗe. A irin wannan hali masanin kirki ba ya zaɓar ɗaya don ya huta. Yakan rubuta cewa gas ɗin na yankin ne, ba a tantance na wane ba ne.

Ribar wahalar

Abin da aka samu daga duk wannan shi ne, wanda muke gani a hoto tsakiyar gari ce kawai. Nguru in ka hange ta da dare, fitilun kasuwa da na tasha za ka gani. Amma abin da ke riƙe da garin yana cikin duhu: fadamar Haɗeja da Nguru, kifinta, shinkafarta, da ciyawar da dabbobi ke samu da rani. Gashuwa ma da kogin Yobe ta dogara. Lulluɓin gas ɗin nan shi ne fadamar gungun taurari. Daga nan gas ke gangarowa ciki a yi sababbin taurari da shi. In manyan taurari suka tsufa suka fashe kuma, can suke watsa sinadaran da suka dahu a cikinsu, irin su magniziyam da ƙarfe da oksijin. Dalilin samun magniziyam a bayan gari kenan, tunda a cikin taurari ake yinsa.

A watan Mayun 2009 'yan sama jannati suka je suka ɗora wa Hubble wata na'ura mai suna COS. Da ita aka juya aikin. Maimakon a fara da shinge a nemi gungu, sai aka zaɓi gungu 40 da wani abu waɗanda aka riga aka san lambarsu, kowanne da kweza a bayansa, aka duba ko za a ga shaida. Sakamakon da Jason Tumlinson da abokansa suka fitar a 2011 ya nuna cewa gungun da ke kan haifar taurari kusan duk suna kewaye da oksijin mai yawa, har nisan wajen shekarun haske 500,000. Waɗanda suka daina haihuwa kuwa nasu kaɗan ne.

Maƙwabcinmu Andiromeda ma an yi masa irin wannan awo. A 2020 Nicolas Lehner da tawagarsa suka fitar da bincike a kan kweza 43 da ke bayansa ta kowane gefe. Suka tarar lulluɓinsa ya kai shekarun haske miliyan 1.3 daga tsakiya, kusan rabin hanya zuwa wurinmu kenan. Da ido yana iya ganinsa, da faɗinsa a sama ya haura na wata sau 100. Tunda namu gungun ma yana da nasa lulluɓin, masanan suna ganin gefunan biyun sun riga sun fara gogar juna.

Abin da ya shafe mu

Ƙa'idar nan ce ta fi tsaya mini a rai. Mutanen nan a kan gas suke bincike, wanda ba zai kai ƙarar kowa ba, in sun kuskure kuma ba ran da zai salwanta. Duk da haka ba su yarda kusanci ko kamanni su zama hujja ba. Shekara 17 aka yi tsakanin hasashen Bahcall da Spitzer da awon Bergeron. Mu mazauna kudu mun san abin da rashin wannan ƙa'ida yake jawowa. In an yi sata ko ɓarna, sau da yawa wanda ya fi kusa kuma ya fita daban shi ake fara damƙewa, mai shayi ne ko mai gyaran takalmi ko ɗan acaba. A watan Maris na 2025 mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su Kano aka tare su a Uromi ta jihar Edo, aka kashe su bisa zargin masu garkuwa da mutane ne, ba bincike ba kotu. Allah ya jiƙan su.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya, a arewa ma an sha hallaka mutum a kan ihun ɓarawo ko wani zargin, kuma mu ma muna tura hoto a waya mu ce ga mai laifi, alhali ko inda aka ɗauke shi ba mu bincika ba. Tambayoyin uku ne dai, ko a fadar Sarkin Hausawa ko a ofishin shugabannin kara ko a wayarka kafin ka tura. An tabbatar an yi abin? Su waye a wurin, dukkansu? Wace shaida ce ta haɗa wannan mutumin da abin, ban da cewa yana kusa? In shaidar ta cakuɗe, ba abin kunya ba ne a ce ba a tantance ba.

Na biyu, ilimin nan ba gadon Turawa ba ne su kaɗai. Samuel Okoye ɗan jihar Anambra ne. A shekarun 1960 yana ɗalibi a jami'ar Kambirij ta Ingila, shi da malaminsa Antony Hewish suka gano wani ɗan ƙaramin wuri mai fitar da igiyar rediyo a cikin gajimaren da ake kira Ƙaguwa, wanda daga baya aka tabbatar gawar tauraro ce mai juyawa da sauri. Ya dawo gida ya koyar a jami'ar Nsukka. A garin na Nsukka akwai cibiyar nazarin sararin samaniya ta hukumar NASRDA, wadda aka kafa a 1999. Afirka ta Kudu tana da babban madubi mai suna SALT tun 2005. Wani shiri na Amurka mai suna Sloan ya fitar da jerin kweza sama da 750,000 a 2020, kuma bayanan kyauta ne a intanet. A gida ma tun 2013 akwai jami'ar tarayya a Gashuwa. Yaron da ka ga lissafi da fiziks suna shiga masa, a taimaka a bar shi ya ƙarasa karatu, kar a yi saurin ja shi kasuwa.

Wanda kuma zai je gida bayan damina, kafin hazo ya yi kauri, ga abin gwadawa. A watan Nuwamba, a daren da babu wata, ka fita bayan gari wajen ƙarfe 9 zuwa 10. Ka kashe waya ka jira kamar minti 20 idonka ya saba da duhu. Kaza da 'ya'yanta za ta kasance ta gabas. Kai kuma ka fuskanci arewa, ka nemi wasu taurari biyar masu siffar harafin M, ka ɗaga kai sama da su. Ɗan gajimaren da za ka gani dishi-dishi shi ne Andiromeda da al-Sufi ya rubuta. In ka rasa shi, manhajar Stellarium za ta nuna maka wurin. Ka tafi da yara, don da yawan waɗanda aka haifa a Legas da Fatakwal hasken gari da hayaƙi ba su taɓa barinsu sun ga sama yadda take ba.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya kai matafiyanmu gida lafiya.